Yaya ake tabbatar da cewa leda ta ruɓe da gaske?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar sinadarai. Na binne ledar PLA (irin wadda ake yi daga tsirrai kamar masara) a ƙasa, bayan wata uku na tono na auna, sai na ga nauyinta ya ragu. Wannan ya isa hujjar cewa ta ruɓe?

Amsa: Bai isa ba, ɗalibi. Sau da yawa ledar farfashewa kawai take yi, ɓarɓashinta ya saje da ƙasa. Abin da ake bin sawu shi ne kabon ɗin ledar, ko ƙwayoyin halitta sun cinye shi sun fitar da shi a matsayin iskar CO2.

A ƙa'idar gwaji ta duniya ta ISO 14855, ana haɗa ledar da takin da ya nuna, busasshen nauyin taki kashi 6, leda kashi 1, danshi kusan kashi 50 cikin 100, a riƙe zafi a digiri 58. Ana hura iskar da aka tace wa CO2, wadda ta fito kuma a bi da ita ta ruwan Ba(OH)2 mai kama CO2, sannan a auna ragowar Ba(OH)2 ɗin da asid na HCl don sanin yawan CO2 da aka kama. Kwalabe iri uku ake jerawa, kowane iri guda uku: taki zalla, taki da selulos (sinadarin jikin tsirrai mai saurin ruɓewa, don gwada ƙarfin takin), taki da leda. Idan ruɓewar selulos ba ta wuce kashi 70 cikin 100 a kwana 45 ba, takin ba shi da ƙarfi, a sake gwajin.

Ga lissafin. Rabin nauyin PLA kabon ne, don haka giram 10 na ɗauke da giram 5 na kabon. Ninka da 44, raba da 12, ka sami giram 18.3 na CO2. Daga CO2 da kwalbar leda ta fitar, cire abin da taki zalla ya fitar, ka raba ragowar da wannan adadi, ka ninka da 100. Ƙa'idar Turai ta EN 13432 tana neman kashi 90 cikin wata 6.

Inda aiki ya fi ɓaci shi ne yoyo a mahaɗar bututu da bushewar taki. Duka biyun suna rage sakamako. Wani lokaci kuma ledar kan zaburar da ƙwayoyin su ci takin fiye da kima, har adadi ya haura 100. Maganin wannan shi ne leda mai alamar kabon-13 (nau'in kabon da ake iya bambance shi da na takin), kamar yadda masu bincike a jami'ar ETH Zurich ta Switzerland suka yi da wata leda mai ruɓewa, PBAT, a 2018, sai dai akwai tsada.

Don ganin abin da ya rage, tace ruwan takin ka saka a HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa: PLA na barin asid na laktik, wanda ake gani da haske mai tsawon zango nanomita 210, PBAT kuwa asid na adifik da na tereftalik. Narkar da guntayen a kulorofom ka auna da GPC, na'urar da ke auna girman sarƙar sinadarin ledar, za ka ga ko sarƙar ta gajarce.

Game da ledar da ka binne, PLA sai zafi ya kusa digiri 60 take laushi har ruwa ya riƙa tsinka ta da sauri. A ƙasa tana iya shekaru, kuma gwajin da ya dace da binnewa shi ne ISO 17556.