Me ya sa cikin zuciya ba sumul yake ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka tsaga zuciyar tunkiya a darasin kimiyya, ka ga cikinta duk kunya-kunyar tsoka, kana tambaya ko cuta ce. Kwantar da hankalinka, haka halittarta take, tamu ma haka.

A ɗakuna biyu na ƙasa, masu harba jini, kunyoyin sun fi yawa: na dama manya ne, na hagu sirara masu saƙewa. Wasu manne suke da bango, wasu sun tsallaka kamar gada. Sa yatsa ka bi su, za ka ci karo da waɗanda suka miƙe tsaye, 3 a dama, 2 a hagu, da fararen zaruruwa a kansu. Su ke riƙe ƙyauren ƙofofin zuciya kada su juye baya idan ta matse. In ɗaya daga cikin waɗanda suka miƙe tsayen ya tsinke bayan toshewar jijiyar zuciya, jini komawa baya yake, kuma sai tiyatar gaggawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin kunyoyin nan a jikin ɗan tayi. Kafin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya su fito, ta wannan saƙar tsokar take samun iskar oksijin kai tsaye daga jinin da ke cikinta.