Fatawa: Ƙuri'ar Musulmi a Amurka da rigimar zubar da ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, birnin New York, kuma na samu takardar zama ɗan ƙasa. Wani ɗan'uwa a masallacinmu ya ce duk wanda ya zaɓi ɗan takarar da ke goyon bayan zubar da ciki, yana da kamasho a jinin jariran. Ɗaya ɓangaren kuma, masu adawa da zubarwar, manufarsu kan baƙi ke ba ni tsoro. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mu fara da cikin kansa. Hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna ana busa rai bayan kwana arba'in sau uku, wato kwana 120. Daga nan babu saɓani: zubarwa haramun ce, sai idan amintattun likitoci sun tabbatar barinsa zai halaka uwar. Kafin nan ne malamai suka rabu. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne hani tun daga shigar ciki. Lakhmi, ɗaya daga malaman Malikiyya, ya sassauta kafin kwana 40, malaman Hanafiyya da dama kuma suka yarda kafin 120 idan akwai uzuri. Tsoron talauci ba uzuri ba ne, aya ta 31 a Suratul Isra'i ta rufe wannan ƙofa.

To, ɗora wannan a kan Amurka. Tun da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata damar zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, a watan Yunin 2022, kowace jiha ta kama gabanta. Jiharku ta New York ta ba mace dama har mako 24, wanda ya wuce lokacin busa rai. Wasu jihohin, irin su Texas, sun hana kusan gaba ɗaya, har likitoci na ɗari-ɗari da mai ɓari tana zubar jini. Ɓangare guda na cewa jikin mace nata ne, mu kuwa amana muka ɗauke shi. Ɗayan bai san bambancin kwana 30 da wata biyar ba. Babu wanda ya karanta fiƙihunmu a cikinsu.

Saboda haka ɗan'uwanka ya tsananta. Ɗan takara buhu ne mai gero da tsakuwa, kuma zaɓarsa ba mubaya'a ba ce ga duk abin da ya faɗa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmin duniya) a Makka ta halatta wa Musulmi shiga zaɓe a ƙasashen da ba na Musulunci ba, don jawo maslaha da rage ɓarna. Ka auna maganar ciki tare da yaƙi, haƙƙin baƙi da 'yancin ibada, ka zaɓi mafi sauƙin cutarwa, kana ƙin ɓarnarsa a zuciya. Wanda ya ga ya ƙaurace ma bai yi laifi ba. Kuma don Allah kada a raba sahu a masallaci saboda jam'iyya.

Inda na fi ja maka kunne shi ne ƙuri'ar raba gardama, irin wadda aka yi a Kansas a 2022 da Ohio a 2023. Nan kai ne mai kafa dokar da hannunka. Juya takardar ka karanta ƙananan rubutun. Idan ta halatta zubarwa bayan busa rai ba tare da larura ba, bai halatta ka ce eh ba. Idan kuma ta hana ceton uwar da rayuwarta ke cikin haɗari, ita ma kada ka amince.

Wallahu a'alam.