Gwajin ciki da tsarin iyali bayan haihuwa

'Yar uwa kin ce kwananki 20 da haihuwa kin gwada da tsinke ya nuna layi biyu, kina tsoron kwanika ko? To ki kwantar da hankalinki tukuna. Sinadarin da tsinken ke gani a fitsari baya barin jiki ranar da aka haihu, yakan dauki makonni yana raguwa, shi yasa gwaji a wannan lokacin yake rudar mutane. Ki bari sai kin yi arba'in ki sake da fitsarin farko na safe, in har ya kara nunawa ko jini ya ki tsayawa ko kina zazzabi to asibiti kai tsaye, kar ki tsaya a kemis.

Amma fa maganar da ake cewa mai shayarwa bata daukar ciki, a nan mata da yawa suka afka, don kwai yana iya fita tun kafin ki ga al'ada. Shayarwa tana karewa ne kawai in jaririn bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ko ruwa babu, kuma al'ada bata dawo ba, daya ya fadi shikenan.

In tsarin iyali kike so, ashanar hannu, wato 'yar robar da ake sawa a karkashin fatar dantse, ana sawa ko yanzu, allurar wata uku kuma yawanci sai an cika sati 6. Kwayar da ake hada sinadari biyu kam ki bar ta sai wata 6 tunda kina shayarwa, tana iya rage nono. Ku yi maganar da maigida tun kafin ki koma daki, ranar rigakafin yaro sai ki tambayi nas ta tsarin iyali.