Amsa: matar da ta mallaki Rams kafin mai Arsenal ya saye ta

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne mace ce ta mallaki ƙungiyar Rams kafin Stan Kroenke, mai Arsenal, da kuma yadda aka yi ta riƙe ta. Gaskiya ne. Sunanta Georgia Frontiere, haifaffiyar St. Louis a 1927. Sai dai ka lura, ƙwallon nan ta Amurka ce, mai kama da zari-ruga, a gasar NFL, ba irin wadda muke kallo a gidan kallo ba.

Gado ta ci. Mijinta Carroll Rosenbloom ya nutse a teku a Florida cikin Afrilun 1979, ya bar mata kashi 70 cikin ɗari, 'ya'yansa biyar suka raba 30. Daga baya ragowar ma ta dawo hannunta. Kowa ya zaci ɗansa Steve, wanda ya tashi cikin harkar, shi zai ci gaba da jan ragama. Ba a yi wata biyar ba ta sallame shi. Aka yi ta surutu, amma mai rinjayen hannun jari ba ya neman izinin kowa. A kakar nan ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Super Bowl, Pittsburgh Steelers ta doke ta 31-19.

Inda ake yawan kuskuren fahimta shi ne kuɗi. A NFL babu faɗawa rukuni na ƙasa, kuma kuɗin talabijin na ƙasa baki ɗaya daidai ake raba wa ƙungiyoyi. Abin da ke bambanta mai riba da mai fama shi ne filin wasa: wa ya gina, nawa ne haya, wa ke karɓar kuɗin ɗakunan manyan baƙi da tallace-tallace. A Anaheim, kusa da Los Angeles, inda Rams ke wasa a lokacin, 'yan kallo sun ragu, ƙungiyar na ta shan kashi. St. Louis kuwa ta gina fili mai rufi da kuɗin jama'a, ta sa haya mai sauƙi, magoya baya kuma suka biya kuɗin riƙe kujera tun kafin su sayi tikiti.

Sai Georgia ta nemi mayar da ƙungiyar St. Louis, amma tashi ba da ra'ayin mutum ɗaya ake yi ba. Sai kashi uku cikin huɗu na masu ƙungiyoyi sun amince, wato 23 cikin 30 a lokacin. A Maris 1995 suka ƙi. Ta nuna za ta kai su kotu, ta kuma yarda ta biya gasar kuɗin tashi, a Afrilu ƙuri'a ta juya 23 da 6. A cinikin nan ne Kroenke ya shigo da kashi 30, daga baya ya kai 40. Harkokin yau da kullum ta danƙa wa John Shaw, babban jami'in ƙungiyar, kuma a ganina wannan basira ce: ta san abin da za ta riƙe da wanda za ta saki. A Janairun 2000 Rams ta ci kofi, 23-16 a kan Tennessee Titans. Mutanen Los Angeles dai ba su yafe mata ba har ta rasu da cutar kansar mama a Janairun 2008.

Abu biyu suka warware aikinta bayan ranta. Na farko harajin gado, wanda a Amurka yake da nauyi ƙwarai. 'Ya'yanta biyu sun gaji kashi 60 na dukiyar da ba tsabar kuɗi ba, ga haraji na jira, sai suka sa a kasuwa. Shahid Khan, mai Fulham a yau, ya taya, amma Kroenke na da haƙƙin a fara sallama masa a kan farashin da aka taya, ya karɓe duka a 2010. Na biyu wani sharaɗi a takardar hayar filin St. Louis: dole filin ya kasance cikin kashi ɗaya bisa huɗu mafi inganci a gasar, in ba haka ba ƙungiya na iya fita. Birnin ya kasa cika shi, Kroenke ya mayar da Rams Los Angeles a 2016. St. Louis ta kai ƙara, a 2021 aka sasanta a kan dala miliyan 790.