Firiza ta narke, wake ya yi ƙwari: yaya zan tsara ajiyar abincin gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni ma'aikaciya ce a Birnin Kebbi, mu takwas ne a gida har da surukata. Bara maigida ya sayo mana babbar firiza, tun daga nan nake sayen nama da kifi da kayan miya na wata guda in zuba. To wuta ce matsalar, wani lokaci sai a kwana biyu ba a kawo ba, na sha zubar da kaya. Ga wake kuma da na saya rabin buhu, ƙwari sun fara cinsa, wata maƙwabciyata ta ce in zuba masa magani. Don Allah yaya zan yi in riƙa samun abin girki kullum ba tare da wannan asara ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa gida albarka, ya saka wa maigida da alheri. Abin da na lura daga bayaninki shi ne kin ɗora wa firiza nauyin abincin gidan gaba ɗaya, alhali ita kanta a hannun wuta take. Ki juya lissafin. Ƙarfin girkinki ya koma kan busasshen kayan da ke sito, waɗanda babu ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke. Ita kuwa firiza, kada ki zuba mata abin da ya wuce wanda za ki iya soyewa ko dafewa a yini ɗaya idan ta narke.

Bari in fara da waken, don shi ya fi gaggawa. Kada ki zuba masa magani. Abin da mutane ke yayyafa wa wake galibi ruwan feshin gona ne irin su Sniper, mai sinadarin dikulobos, kuma ba don abincin da za a ci aka yi shi ba. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, kuma saboda yawansa a waken Najeriya ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu ƙasashenta a 2015. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhu ta fi ma haɗari a gida, domin iska mai guba take fitarwa, wadda kan iya kashe mutumin da ke kwana kusa da ita. Aikin manyan ɗakunan ajiya ne da ƙwararru, ba na siton da ke jingine da ɗakin yara ba.

Ƙwaron wake numfashi yake yi, idan aka hana shi iska zai mutu har da ƙwansa. Ki tankaɗe waken, ki tsince wanda ya ɓule, ki baza shi a kan tabarma ko leda a tsakar rana ya sha zafi sosai, ki bari ya huce a inuwa. Sai ki samu jarkoki masu murfi mai kyau, waɗanda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba, ki wanke su bushe ƙarau. Ki ɗura waken kina jijjigawa har ya kai wuya, ki sa leda a baki kafin ki murɗa murfin. Kada a buɗe sai bayan wata guda zuwa biyu. Ƙananan jarkoki da yawa sun fi babba ɗaya, saboda duk wadda kika buɗe iska ta shiga, sai ki cinye ta kafin ki taɓa ta gaba. Idan kayan buhu guda ne ko fiye, akwai buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban. Yana yi wa masara da dawa ma. Sharaɗinsa kada ya huje, ko da hujin haƙorin ɓera ne.

Amma duk wannan sai hatsi ya bushe da gaske, domin idan kika rufe mai danshi ruɓewa zai yi. Ki ciza ƙwaya ɗaya, idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotse da saura. Ga wani gwajin da ya fi wannan: ki samu kwalba busasshiya, ki zuba hatsi kamar cikin hannu da cokali biyu na busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza sosai, ki ajiye na ɗan lokaci. Idan kika ga gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin na da sauran ruwa, a mayar da shi rana.

Lokacin saye shi ne rabin riba, kuma a nan Kebbi mun yi dace. Gero da dawa da masara da wake a kaka ake sayensu, wajen Nuwamba zuwa Disamba, kafin su hau a tsakiyar damina. Shinkafa sau biyu take fitowa a fadamun Argungu da Suru, ta damina da ta rani. Albasar Aliero tana cika kasuwa a ƙarshen sanyi zuwa bazara, tumatir da tattasai ma a rani suke araha. Saboda haka ki daina kallon komai a matsayin cefanen wata. Ku zauna da maigida ku ƙirga tiya nawa ta shinkafa da ta hatsi gidan ke ci a mako, ku ninka, ku sayi abin da aljihu ya iya a lokacin arha. Gishiri, sukari, mai, taliya da garin kwaki su ne na wata-wata.

Kada ki niƙa hatsi da yawa a lokaci ɗaya. Ƙwaya takan shekara, gari ba ya yi. Garin gero ne ya fi saurin juyawa saboda man da ke cikinsa, 'yan kwanaki kaɗan sai ki ji ya fara ɗaci. Na masara da dawa ki niƙa na mako biyu, ki baza ya huce daga zafin inji kafin ki zuba a bokiti mai murfi. Gyaɗa kuma ta fi zama lafiya a cikin ɓawonta. Duk gyaɗa ko masarar da kika ga ta yi fumfuna, ko ta canja launi, ko ta yi ɗaci, ki zubar. Wannan fumfuna tana fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda ake dangantawa da ciwon dajin hanta, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta.

Shi kansa siton ba ya bukatar wani kuɗi. Buhuna su hau kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, musamman da damina. Taga ta samu raga. Sabulu da garin wanki da kananzir su bar ɗakin, don shinkafa da gari na zuƙar wari. Komai ya kasance a rufe saboda ɓera, wanda ban da ɓarna fitsarinsa da kashinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Sabon kaya ya koma baya, tsoho ya dawo gaba. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki kada ma ki ɗanɗana. Albasa ki baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a leda ba, ki riƙa dubawa kina cire wadda ta fara laushi.

Ga wani ɓangare da matan yanzu suka fara rainawa tun da firiza ta shigo: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, kauɗar tumatir, busasshen tattasai da barkono, da bandar kifi. Macen da ke da waɗannan da garin tuwo, ko an yi mako ba wuta gidanta zai ci abinci mai daɗi. Ina da yaƙinin surukarki ta san yadda ake yanka tumatir a shanya shi ya bushe bai yi baƙi ba, ki tambaye ta, za ma ta ji daɗin an tambaya. Sai dai a shanya a kan abu mai tsabta a sama, ba a ƙasa inda ƙura da awaki ke bi ba. Bandar kifi irin ta Yauri ki riƙa ɗan gasa ta a kan wuta lokaci zuwa lokaci don kada tsutsa ta shiga.

Yanzu firiza. Sanyin da ake so ta riƙe shi ne digiri 18 ƙasa da sifiri. A wannan sanyi ƙwayoyin cuta ba mutuwa suke yi ba, tsayawa kawai suke, da abu ya narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Ƙa'idar da masana ke bayarwa ita ce firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kusan awa 48 bayan ɗauke wuta, wadda ke rabi kuwa awa 24. A watan Afrilu, da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, kada ki dogara da cikar waɗannan awanni.

Kin ga ke nan ana son firiza a cike, ni kuma na ce kada ki cika ta da nama. Abin da zai cike gurbin ruwa ne. Ki ɗura ruwa a robobi da ƙananan jarkoki, ki bar ɗan fili a sama don ƙanƙara na kumbura, ki jera su a ƙasa da gefe-gefe, abinci a tsakiya, wasu robobin a samansa. Su za su riƙe miki sanyi idan wuta ta tafi. Babban mai kashe sanyin firiza a gidajenmu kuwa yara ne masu neman ruwan sanyi, kowane buɗewa da abin da yake ɗauka. Ki sayi kula, da safe ki ciro ƙanƙarar yini ki zuba a ciki, firiza kuma a sa mata makulli. Ta zauna a inuwa, da tazara tsakaninta da bango don injin ya sha iska. Ki leƙa takardar da ke manne a bayanta: idan akwai harafin T a wurin ajin yanayi, an yi ta don zafi har digiri 43, ST kuwa 38 ne iyakarta. Idan wutar unguwarku na zuwa da rauni, a haɗa mata sitabilaiza, don raunin wuta na ƙona inji.

Tun da kina fita aiki, ba koyaushe za ki san abin da ya faru a bayanki ba. Ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora tsakuwa a kan ƙanƙarar, ki bar shi a ciki. Idan kika dawo kika tarar da tsakuwar a sama, alama ce ƙanƙarar ba ta narke gaba ɗaya ba. Idan ta nutse zuwa gindin kofin, to firizar ta narke gaba ɗaya ta sake daskarewa, ko da kayan sun yi tauri a hannu. Naman da ya fara saki amma da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke sarai amma yana da sanyi sosai a dafa shi nan take. Wanda ya yi ɗumi na fiye da awa biyu, musamman kifi da kaza da kayan ciki, a zubar, ko da bai yi wari ba, domin hanci ba ya jin kowace cuta.

Yadda ake zuba kaya ma da magana. Nama ki yanka, ki raba shi ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya, ki danne ledar ta yi faɗi, ki rubuta rana a jiki. Ƙulli mai faɗi ya fi saurin daskarewa, kuma ba sai kin narkar da kilo uku don ki ɗebi rabi ba. Na mako ɗaya zuwa biyu ya isa, tunda mahauta ba su bar gari ba. Ɗanyen markaɗe shi ya fi komai saurin tsami, don haka ki tafasa shi har ruwan ya tsotse, ki soya da mai, ya huce, sannan ki raba a ƙananan robobi. Ɗanyen nama da kifi su zauna a ƙasa cikin roba, kada jininsu ya zuba kan zoɓo ko kunun ayar yara. Ragowar dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, a bazara ma awa ɗaya, musamman dafaffiyar shinkafa. Ɗumame kuma sau ɗaya ake yi, ya yi zafi har ciki.

Inda aka fi tafka asara shi ne Babbar Sallah, a ɗauko rabin rago da ɗuminsa a danna a firiza. Injin ba zai iya daskarar da tsakiyarsa da wuri ba, sai waje ya yi ƙanƙara ciki ya lalace, ya kuma narkar da abin da ya tarar. Ki soye mafi yawan naman har ruwansa ya ƙare, ki ajiye a kwano mai murfi inda iska ke da sanyi, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. Wani kason ki yi dambu ko ki kai a yi miki kilishi. Kayan ciki a ci su a ranar farko da ta biyu. Ɗan abin da ya rage na miya shi za ki ƙulla a leda, ki jera shi ɗaya-ɗaya tsakanin robobin ƙanƙara har ya daskare, sannan ki tara shi wuri guda.