Tsohuwar Bindigata Tana Maƙale Kwanso

Tambaya: Malam, na gaji wata tsohuwar bindiga mai cin harsashin .22, irin wadda ke ɗora harsashi da kanta bayan kowane harbi. Yanzu kwanso yana maƙalewa, wani lokacin ma ba ta tashi. Mene ne mafita?

Amsa: Kafin komai, ka cire gidan harsashi, ka ja sakatar (ƙarfen da ke tura harsashi cikin mazauninsa) baya, ka tabbatar da idonka cewa babu harsashi a ciki.

Yawanci datti ne ke jawo wannan. Ƙarfin albarushi kaɗai ke tura sakatar baya, harsashin kuma na dalma ne da aka shafa wa kaki, saboda haka toka da kakin sukan daskare a mazaunin harsashi da ƙarƙashin ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Ka goge wuraren da ƙaramin buroshi da ruwan wanke bindiga, sannan ka ɗiga mai kaɗan, domin yawansa ƙura yake tarawa.

Ka daina danna kunama babu harsashi, domin a tsofaffin bindigogin nan allurar da ke dukan gindin harsashi don ya tashi tana dukan bakin mazaunin har ta lotsa shi. Idan ka ga lotsawa, ko wani sifirin na cikin bindigar ya saki, sai ka kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga.