Mun sayo manyan sifikoki, amma ba a fahimtar liman

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Masallacin unguwarmu tsawonsa mita 20 ne, faɗi 12, ƙasa da bango duk tayil, sama kuma dakin na kankare. Mun haɗa kuɗi mun sayo sifika biyu masu inci 18, mun ɗora su a kusurwoyin gaba. Ƙara kam akwai, amma na sahun baya gunji kawai suke ji. Mai shago ya ce mu ƙaro amfilifaya mai ƙarfi. Mu saya?
Ɗan kwamitin masallaci, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Ku riƙe kuɗinku tukuna, matsalar ba ta ƙarancin ƙarfi ba ce.

Sifika mai inci 18 an ƙera ta ne don ta tura iska mai yawa, ta fitar da kaurin sauti irin na ganga. Shi ya sa masu kiɗan biki ke son ta. Ita kuwa magana, abin da ke bambance "sa" da "fa" a kunne yana cikin siririn sauti ne. Tsohuwar wayar tarho daga haz 300 zuwa 3,400 kawai take ɗauka (haz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne), wato ba ta ɗaukar kaurin sosai, kuma ana fahimtar juna sarai. Sannan kun kai su kusurwa, inda bango biyu ke taya su ƙara kauri.

Babban mai laifin dai ginin ne. Tayil da kankare ba sa shan sauti, dawo da shi suke yi kusan dukkansa, sai kalma ta yi ta yawo har ta bayanta ta hau kanta. A 1895 aka damƙa wa Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka wani ɗakin lacca da kalma ke daɗewa fiye da daƙiƙa 5 kafin ta mutu. Da dare ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure yana jerawa yana aunawa, har ya gano cewa daɗewar amsa-kuwwa ta dogara ne da girman ɗaki da yawan abin da ke shan sauti a ciki. Wurin magana yana son kamar daƙiƙa ɗaya. Ku shiga bayan Isha, in an watse, ku tafa sau ɗaya ku saurara. Na tabbata kun lura ran Juma'a abin yakan yi sauƙi, Asuba ce ta fi muni. Jikin mutane da rigunansu ne ke shanye amon. In kun ƙara amfilifaya, da muryar da gunjin tare za su tashi.

Ni da zan ba da shawara, kuɗin ya fara tafiya kan kafet mai soso a ƙasa, bango zuwa bango, da labule mai kauri a bangon baya. Sai ƙananan sifikoki masu inci 5 ko 6, kamar guda shida ko takwas, a jera su a bangon gefe, sama da kan mutum kaɗan, a sunkuyar da su su kalli sahu, kowacce ƙararta a ƙasa-ƙasa. Kowa zai ji liman daga wadda ke kusa da shi. Kada sifikokin gaba su fi sauran ƙara: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, in tazarar da ke tsakanin sifikar gaba da ta baya ta kai mita 17, wanda ke sahun baya zai ji kalma sau biyu. A rage bas, wato kaurin sauti, a jikin mikisa, na'urar daidaita sauti, kuma kada wata sifika ta fuskanci makirfon liman, in ba haka ba kuka za ta yi ta yi.

Manyan nan biyu ba asara ba ce, ku ajiye su don filin Idi ko wa'azin waje, inda babu bangon da zai dawo da sauti. Kafin ku sayi komai, ku ari ƙanana huɗu wurin masu haya, ku gwada da Asuba, wani dattijo ya zauna a sahun ƙarshe ya faɗa muku abin da ya ji.